Ƙulli Biyar a Littafin Marigayi

Da hantsi Auta ta gano an yanke takarda a littafin kakanta. Salatin da ta saki ne ya fito da kowa daga ɗaki.

Littafin ba wani abin kallo ba ne, mai baƙin bango ne, gefensa duk ya cinye. Amma Marigayi ya yi shekara talatin da biyar yana aiki a gidan waya, hannunsa ya saba da rubuta komai. Aure, haihuwa, rasuwa, wanda ya tafi da wanda ya dawo, duk ya zuba a ciki, ya sa wa kowane shafi lamba. Yana raye bai taɓa barin kowa ya buɗe ba. Bayan rasuwarsa littafin ya yi shekara tara a ƙasan akwati, sai makon jiya da jikarsa Auta ta ɗauko aikin zana bishiyar dangi a kan wata makekiyar farar takarda. Tana kwafa a hankali, shafi biyu ko uku a rana. Jiya ta tsaya a shafi na takwas. Yau da ta juya, sai ga na goma sha ɗaya.

Ba a daɗe ba aka aika a kira Mai Sawu.

Gidansa na tsallaken titi. Tsoho ne dogo, yana ɗan ɗingishi da ƙafar hagu. Ya yi rayuwarsa a gandun daji yana bin sawun ɓarayin namun dawa, kuma ko da ya bar aiki idonsa bai bar ƙasa ba. Tun 'ya'yan Marigayi suna ƙanana suke kiran sa Kawu.

Ya tarar da su cirko-cirko a falo. Ga Nas, babbarsu, wadda ta yi ritaya daga asibiti, ta harɗe hannu a jikin bango. Ga Tela, mahaifin Auta, da tef a wuya. Ga Direba, ƙaraminsu, yana kai da komo kamar an ɗaure zakara. A kan kujerar kusa da ƙofa kuma baƙo ne zaune, da jakarsa a kan cinya.

Baƙon nan mai gyaran agogo ne, kwana uku ke nan da zuwansa. Ya ce mahaifiyarsa ta rasu bara, kuma kafin ta cika ta gaya masa cewa ubanta ma'aikacin gidan waya ne a wannan layi, an rabu da uwarta tana goye. Ba shi da hoto, ba shi da takarda. Abin da ya dogara da shi kawai littafin ne.

"Kawu, ba sai ka wahalar da ƙafarka ba," in ji Direba. "Ga ɓarawo nan zaune. Ya san littafin zai ƙaryata shi, shi ya sa ya yanke wurin. Yanzu sai ya ce ai sunan uwarsa na cikin abin da ya ɓata. Wayo ke nan!"

"Wallahi ban yanke ba," in ji Mai Agogo, muryarsa can ƙasa.

"Ka ji! Har da rantsuwa. Ƙarfe huɗu nake da lodi, Kawu. Kafin in tayar da mota zan sauke shi a ofishin 'yan sanda, su suka san yaren irinsu."

Mai Sawu ya dubi agogon bango. Sha ɗaya saura.

"Ba ni zuwa uku da rabi," ya ce. "Kada kowa ya fita. Kai ma."

*

Ya fara da ƙasa, kamar yadda ya saba. An share falon tas, har ƙarƙashin kabad ɗin da ake ajiye littafin.

"Wa ya yi shara?"

"Goggo Nas," in ji Auta. "Kullum ita take yi. Ta ce sharata ta ganin ido ce."

Ya yi tsaki a ransa. Daji ya fi gida gaskiya, ba wanda yake share shi. Ya ɗauki littafin ya kai bakin taga. An yanke takardar daf da gindi, yanka ɗaya miƙaƙƙe, ba gargada. A bayan bango akwai tambarin babban yatsa da baƙin mai. Da ya buɗe tsakiya kuma sai ya ga zaren da ya riƙe takardun baƙi ne wul, sabo.

"Da can wane irin zare ne a nan?"

Auta ta leƙo. "Fari ne, Kaka. Ya yi ja don tsufa, har yana tsinkewa. Ina ta lallaɓa shi." Ta zaro ido. "An sake ɗinke shi!"

"An sake."

Ya tsaya yana jujjuya abin. Ɓarawon da zai yanke takarda, sannan ya zauna ya ɗinke littafin? A duk shekarunsa bai taɓa ganin wanda ya kashe barewa ya tsaya gyara ciyawar da ya tattake ba.

*

Mai Agogo ya zazzage jakarsa a kan gado ba tare da an ce ya yi ba. Riga biyu, ƙananan sukurdirebobi, hantsaki, gilashin da ake maƙalawa a ido, da reza sabuwa a takardarta.

"Wannan za ta yi yanka mai kyau," in ji Mai Sawu.

"Za ta yi. Amma Baba, ka duba mini. Na rufe shagona, na yi tafiyar kwana biyu a mota don in ga layi ɗaya da hannun kakana. Sai in zo in yanke shi?"

"In babu layin fa?"

Mutumin ya ɗauki hantsakin ya ajiye.

"To da na san Inna ta yi kuskure, in koma. 'Yata ce ta tambaye ni, su wa ne dangin Inna? Na rasa abin da zan ce mata. Ba gida nake nema ba, ba fili ba. Amsa nake nema."

"Ka taɓa littafin?"

"Sau ɗaya, jiya, a gaban yarinyar. Ko buɗewa ban yi ba, na mayar mata."

"Ka iya ɗinki?"

Mai Agogo ya nuna wuyan rigarsa. Da siririyar waya ya ɗaure maɓallin.

*

Direba yana ƙofar gida, ya buɗe gaban motarsa yana ta taɓe-taɓen abin da bai lalace ba.

"Miƙo hannunka," in ji Mai Sawu.

"Na me?"

"Miƙo dai."

Ya kama babban yatsan ya ɗora kusa da tambarin da ke bangon littafin. Har tsagar da ke tsakiyar yatsan ta fito.

Direba ya fizge hannunsa. "To, na ɗauka! Littafin ubana ne, ko sai na nemi izini?"

"Yaushe?"

"Jiya da yamma. Na ce bari in ga ko da gaske ne akwai wata mata kafin Innarmu. Kawu, kai ka san Innarmu. Shekara arba'in tana wahala da mutumin nan. Yanzu rana tsaka a ce ita ce ta biyu?"

"Me ka gani a ciki?"

Direba ya waiwaya hagu da dama, ya rage murya. "Ban ga komai ba. Rubutun ya yi mini kamar tururuwa. Idona ya fara ja baya, Kawu, abu na kusa ba na gani. Don Allah kada ka gaya wa Tela, shekara zai yi yana mini dariya."

"Mai tuƙa mutane da kaya?"

"Na nesa ina gani garau! Na kusa ne."

Mai Sawu ya bar shi. Wanda ba ya ganin rubutu ba zai zura zare a allura ba. Ya dubi inuwar motar, ta fara komawa gabas. Sawu biyu ya bi, duka sun kai shi ga bango.

*

Shagon Tela a jikin gidan yake. Mai Sawu ya ɗora littafin a kan keken ɗinki, ya jawo wani ƙunshin baƙin zare ya kara. Iri ɗaya ne.

"Zarenka ne."

"Zarena ne," in ji Tela. "Kuma almakashina ne ake yanke farce da shi, allurata ce ake cire ƙaya. Gidan nan wa yake tambaya ta? Shagona ya zama rijiyar unguwa."

"Kai kaɗai ne mai ɗinki a gidan."

"Au, ni ake zargi? Ni da 'yata take aikin?" Ya jawo littafin a fusace, ya gyara tabarau, ya buɗe tsakiya. Sai ya kwashe da dariya. "Haba Kawu! Wannan ka ce aikina ne? Ka zage ni kawai ka huta."

"Me ya same shi?"

"Duba mana. Tela in ya soka allura, tafiya yake yi da zare ɗaya har ƙarshe, sannan ya ƙulle sau ɗaya. Wannan kuwa an soka, an ƙulle, an yanke. An sake sokawa, an ƙulle, an yanke. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Ƙulli biyar, kowanne zaman kansa yake! Wa yake ɓarnar zare haka? Ko ɗan koyo na kwana uku ya yi mini wannan, sai na kore shi."

Mai Sawu ya karɓi littafin. Ƙulli biyar a jere, tazararsu daidai, an datse bakin kowanne gajere. Ya daɗe yana kallo. Ƙwaurinsa na hagu ya fara masa ƙaiƙayi, ya sunkuya zai sosa, sai hannunsa ya tsaya a kan tabon.

Ya fita ko sallama bai yi ba.

*

A bakin titi ya zauna kan wani dutse, ya naɗe ƙafar wando. Tabon na nan, dogo, da ɗige-ɗige bibbiyu a gefe da gefe. Shekara ashirin da shida ke nan da tarkon waya na ɓarayi ya yage masa ƙwauri. An kawo shi asibiti jini na zuba, likita ba ya nan. Nas ce ta ɗinke shi. Yana kallonta tana sokawa, tana ƙullewa, tana yankewa, har ya ce mata, "Ke ba za ki yi ɗinkin a tafi ɗaya mu huta ba?" Ta ce, "Haka ake yi, Kawu. Ɗaya-ɗaya, don in ɗaya ya tsinke sauran su riƙe."

To amma me ya kai Nas yanke takardar ubanta? Me ya dame ta da wata mata da aka rabu da ita tun ba a haife ta ba?

Sai ya lissafa shekarun da shafi na tara da na goma za su ɗauka.

Yana ɗan shekara goma sha shida a lokacin, yana koyon bin sawu wajen mahaifinsa. Wata safiya Marigayi ya ƙwanƙwasa musu ƙofa, mahaifin ba ya nan, shi ya bi shi. Abin da suka gani a ranar, Marigayi ya sa shi ya rantse ba zai faɗa ba. Shekara sittin yana riƙe da rantsuwar. Bai taɓa kawowa a ransa cewa mutumin da ya hana shi magana ya je ya rubuta ba.

Ya tashi, ya zauna, ya sake tashi. In ya yi shiru, a kai marar laifi ofishin 'yan sanda, ya koma wa 'yarsa da sunan ɓarawo. In ya yi magana, ya tona matar da ta ceci ƙafarsa. Aka kira sallar azahar, ya je ya yi, bai san me ya karanta ba.

*

Ya same ta a kicin tana wanke kofunan da aka riga aka wanke.

"Ƙafata tana gaishe ki," ya ce.

Ba ta juyo ba. "Tana ciwo ne?"

"A'a. Ɗinkin ya riƙe. Ɗinkinki ba ya kwancewa, ko a fata ko a takarda."

Kofin ya tsaya a hannunta. Ruwa na ta zuba.

"Ban san me kake nufi ba, Kawu."

"Ba zan kama sunanki ba. Akwai alkawarin da na ɗauka tun ba ki san kanki ba, ba kuma zan karya ba. Amma mutumin can ba zai kwana a hannun 'yan sanda ba ina raye. Ƙarfe uku da rabi zan tara kowa, in faɗi abin da idona ya gani a littafi. Sauran ya rage naki."

Sai a lokacin ta juyo. Idanunta sun kumbura.

"Ka sani? Duk shekarun nan?"

"Rufe famfon," ya ce. "Ruwa na ɓarna."

*

Uku da rabi suka hallara. Farar takardar Auta na shimfiɗe a kan tebur, sunan Marigayi a sama, rassa uku a ƙasa. Direba na kaɗa mukullin mota.

"Na bi sawu huɗu," in ji Mai Sawu. "Baƙo yana da reza, amma ko maɓalli bai iya ɗinkewa ba. Direba ya taɓa littafin, amma yana da dalilin da ba zai iya wannan aiki ba, ni da shi muka sani."

"Wane dalili?" in ji Tela.

"Ba ruwanka!" in ji Direba.

"Zaren na Tela ne, amma hannun ba nasa ba ne. Wanda ya yi wannan ba ɓarawo ba ne. Ya yanke takarda ɗaya, tsohon zare ya tsinke, littafin ya fara wargajewa a hannunsa. Ɓarawo da ya watsar ya gudu. Shi kuwa ya kasa barin littafin Marigayi a warwatse, ya zauna ya ɗinke. Kuma hannu ba ya ƙarya, yadda ya saba haka yake yi." Ya buɗe tsakiyar littafin ya ajiye. "Ƙulli biyar, kowanne daban. Iyakar abin da zan faɗa ke nan."

Tela ya dubi ƙullin, ya dubi tsohon tabon da ke goshin Direba, wanda aka ɗinke a nan cikin gida suna samari. Ya juya ya dubi Nas.

"To wa ke nan?" in ji Direba. "Kawu, lokaci na tafiya!"

"Ni ce."

Nas ta tako tsakiyar falon. Ta buɗe gidan tabaranta, ta zaro takarda a ninke huɗu.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," ta ce. "Jiya na ce bari in riga Auta dubawa, in ga ko baƙo gaskiya ya faɗa. Karanta, Auta. Fara da gaba."

Auta ta karanta. Aure na fari. Haihuwar 'ya mace. Rabuwa, da ranar da uwar ta tafi da jaririyar a baya. A ƙasa Marigayi ya ƙara layi ɗaya: "Na rubuta wasiƙa goma sha ɗaya, duka sun dawo."

Mai Agogo ya rufe fuska da jakarsa. Kafaɗunsa suka hau rawa.

"Juya," in ji Nas.

"Goggo..."

"Juya, na ce."

Auta ta juya. "Aure na biyu. Shekara uku ba haihuwa. Yau da safe na tsinci jaririya a bakin ƙofar gidan waya, cikin kwali, an lulluɓe ta da mayafi. Na kira ɗan maƙwabcinmu mai bin sawu. Sawun mace ne, ba takalmi. Mun bi har bayan tasha. Yaron ya ce yana ganin inda ya nufa. Na riƙe hannunsa na ce mu koma. Na ji tsoron kada mu same ta ta ce a ba ta abarta. Allah ya yafe mini. An ɗauke mini ɗaya, an kawo mini ɗaya. Matata ta ce tata ce. Ni ma na ce tawa ce."

Auta ta sauke takardar.

"Kun ji," in ji Nas. "Shi da ya zo kwana uku da suka wuce jinin gidan nan ne. Ni da na yi shekara sittin ina muku faɗa, a kwali aka kawo ni." Ta juya wajen Mai Agogo. "Na so in ƙone ta, na kasa. Na ji ana ce maka ɓarawo, na yi shiru. Wannan shi ne laifina, ka yafe mini in za ka iya. Auta, goge reshena."

Auta ta dubi ubanta. Tela ya sunkuyar da kai yana murza tef. Mai Sawu ya ji zuciyarsa na bugawa kamar ranar da ya tsaya a bayan tasha.

Direba ne ya jefa mukulli a kan tebur.

"A goge me? Ke Auta, in kika taɓa reshen nan sai na karya miki fensir." Ya juya kan Nas, murya sama kamar mai faɗa. "Wa ya goya ni ranar da Inna ta kwanta asibiti? Wa ya ɗinke mini goshi, ya ƙara mini da mari? Yanzu don kin ga kwali a takarda sai ki ce kin sauka? Ba ki isa ba, Yaya. Mu ba mu sauke ki ba."

"Rage murya," in ji Tela. "Yayarka kake wa ihu."

"Ai shi na ce!"

Nas ta zauna a hannun kujera, ta sa gefen mayafi a ido. Mai Agogo ya share fuskarsa, ya matso kaɗan.

"Ni wallahi ban riƙe ki ba," ya ce. "Na zo neman dangin Inna ne. Yaya zan kira ki?"

Ta dube shi ta cikin hawaye. "Ƙanwar uwarka ce ni, in sun yarda. Inna za ka ce."

Direba ya sunkuya ya ɗauki jakar baƙon, bai kalle shi ba. "Wannan ɗakin da aka sa ka akwai sauro. Zo in kai ka nawa. Kuma agogon motata ya shekara biyu a tsaye, kada ka ce ban gaya maka ba."

Auta ta ja kujera, ta fere fensir, ta fara jan reshe na huɗu. Tela ya leƙa shago ya dawo da allura da baƙin zare. Ya ajiye a gaban Nas tare da littafin da takardar.

"Mayar da ita inda kika ɗauko, Yaya."

"Kai ne tela."

"A'a. Yi irin naki."

Mai Sawu ya tsaya har ya ga ta soka allura, ta ƙulle, ta yanke. A bakin ƙofa ta kira shi ba tare da ta ɗago ba.

"Kawu. Sawun nan, ina ya nufa?"

Ya daɗe riƙe da ƙofar.

"Gabas, ta hanyar tsohuwar gada. Tana tafe tana tsayawa. Sau bakwai ta juyo ta fuskanci gidan waya, na ƙirga."

Nas ta gyaɗa kai. Ta sake soka allurar.